Isaka, Mushen Radiyo na Gangara

A Gangara in ka ce Isaka sai a tambaye ka wanne, don masu sunan sun yi yawa. Amma in ka ce Mushen Radiyo, wato malamin radiyo, ko tsohuwar da idonta ya ƙi za ta nuna maka inda rumfarsa take a da, can bakin kasuwa kusa da masu gishiri, inda ya ƙare kwanakinsa yana sayar da pil, wato batir, da ashana da allura. Dogo ne siriri, mai wuya kamar na zalɓe, kuma tun yana saurayi har ya yi furfura ba a taɓa ganinsa babu bik a aljihun gaba ba. Ko bik ɗin yana rubutu ko ba ya yi, wannan tsakaninsa ne da aljihunsa.

Ubansa Tsoho manomi ne na ƙwarai, irin waɗanda ake zuwa kallon gonarsu. Lokacin da aka aiko wa mai gari ya ba da yara a kai lakol, makarantar boko, kowane magidanci ya ɓoye ɗansa mai ƙarfi ya miƙa wanda hauya ba za ta yi kewarsa ba. Tsoho ya dubi ƴaƴansa, bai ma yi dogon tunani ba, ya miƙa Isaka. Aka kai shi Gazawa, ya yi shekarunsa, ya zauna jarrabawar shiga kwalej ya faɗi, ya sake zama ya sake faɗi, daga nan aka ce masa ya girme wa benci. Ya dawo gida da faransanci a baki da raina noma a zuciya. Yana noman dai, don ciki ba ya jin faransanci, amma yana yi yana waige kamar wanda ke jiran a zo a ce an yi kuskure, ba nan ne wurinsa ba.

Da Tsoho ya rasu, ƴan'uwan Isaka sun riga sun watse, wani Kano wani Agadas, gida ya koma hannunsa. Ya gaji gona mai kyau a arewacin gari da rumbu biyu. Babban na ci ne. Ƙaramin kuwa na iri ne, kuma irin nan ba na wasa ba ne: geron zango ne dogo, wanda Tsoho ya yi shekara da shekaru yana zaɓa da hannunsa, kowace kaka ya bi gona ya ware manyan kawuna masu cikar ido, ya ɗaure su dami daban. A lokacin fari na farko, wanda ya kashe shanun Fulani har ungulu ta ƙoshi ta bar sauran, gidan Tsoho sun ci dusa, sun ci ganyen jiga, sun jiƙa anza sun ci da ɗacinta, amma ba a ɗaga hular ƙaramin rumbu ba sai ranar shuka. Kowa a Gangara ya san haka, Isaka ma ya sani, don da bakinsa ya ci anzar.

Matarsa Lauratu mace ce mai ƙarancin magana da yawan aiki. Kamar kowace matar aure a wajen, ba ta leƙa rumbun miji. Maigida shi ke hawa, ya ɗaga hula, ya miƙo dami, ita kuma ta karɓa ta sussuka ta daka. Abin da ya rage a ciki sirrinsa ne, in ta leƙa ta raina shi ke nan, har a kai maganar gaban manya. Al'ada ce mai kyau in mijin yana da hankali.

To, sai ga fari na biyu, shekarar da aka rufe iyakar Najeriya. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye, abin da aka girbe ko kunyar rumbu bai rufe ba. A daidai wannan lokaci da mutane ke neman abin sawa a baki, wasu masu dogon nazari a can Yamai suka zauna ƙarƙashin fanka suka gano abin da ke damun talaka: rashin ilimi mai zurfi. Suka ƙirƙiro wani furoje, wato tsari na musamman, na karatu daga nesa. Samarin da suka gama ƙaramar lakol ba su samu kwalej ba, za a tara su a garuruwansu, malami yana Yamai yana magana ta radiyo, su kuma suna nan suna zama masu ilimi. Kai, Allah ya kyauta!

Wani Mushe Harouna, mai ƙaton tumbi da baƙin tabarau, shi ya zo Gangara da farar mota neman wanda zai riƙe wurin. Ba sai an nema ba, tun motar ba ta tsaya ba Isaka na tsaye a bakinta ya gyara bik. Aka ɗauke shi zuwa sitaj, wato horon aiki, a Maraɗi, ya ci shinkafa da nama safe da rana, ya kwana a kan katifa, ya dawo da kumatu da wani akwatin radiyo mai launin toka da aka ɗinka wa rigar fata. Abin nema ya samu.

An gaya masa cewa karatu daga nesa ba a faɗa masa haka kawai, sai an shirya ɗalibai tukuna, an koya musu yadda ake zama gaban akwati da yadda ake saurare. An kuma gargaɗe shi kada ya sa pil a ciki sai ranar da aka aiko cewa darasi ya fara, don pil ɗin na furoje ne, ba na jin waƙa ba. Sai babbar maganar, wadda ta shige masa ƙwaƙwalwa ta ƙi fita: Mushe Harouna zai dawo ba sanarwa, garin da ya tarar da ɗalibai zaune za a tabbatar da mai riƙonsa ya zama mushe na gaske mai albashi, garin da ya tarar da tabarmi babu kowa kuwa a ɗauke akwati a kai wani wuri.

Isaka ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, ya ɗora akwatin a kan turmin da aka kifa, ya tara samari. Ba yara ba ne, ƙarti ne, wasu da gemu, wasu da mata a gida. Babbansu Chindo, ɗan Baba Barmo ƙanen marigayi Tsoho, ƙato mai faɗin kafaɗa wanda karatun lakol ya zube masa tun tuni sai ɗan abin da ya maƙale. Tun da akwati ba shi da izinin magana, Isaka ya kafa zana a bayan turmin, ya riƙa shiga bayanta, ya kara gwangwanin tumatir a baki, ya yi muryar malamin Yamai. Wannan shi ne shirin.

Ranar farko ya yi musu bayani. Ya ce, «Akwati zai gaishe ku, ya yi shiru kaɗan. Cikin ɗan shirun nan za ku amsa, kalma guda, ku rufe baki.» Ya shige bayan zana, ya ce ta cikin gwangwani, «Bonjur, ɗalibai.»

Chindo ya gyara zama ya ce, «Lahiya lau. Ina gajiya? Ina gida? Yaya iyali? Yaya muka ji da wanga fari? Allah dai shi kawo mana sauƙi.» Sauran suka ce amin.

Isaka ya leƙo ta saman zana, jijiyar wuya ta tashi. «Chindo! Kalma guda na ce! Kafin ka gama tambayar iyalinsa ya kai tsakiyar darasi!»

«Haba Mushe,» in ji Chindo. «Mutum shi gaishe ka tun daga Yamai, ka amsa mishi da kalma guda kamar kana jin haushinsa? Ai ba haka aka rene mu ba.»

Gaisuwar nan kaɗai ta ci musu makonni. Bayanta aka shiga koyon rashin tambaya, wanda ya fi wuya. Wani ya ce in bai gane ba fa? Isaka ya ce ya yi shiru ya rubuta. Wani ya ce to malamin da ba ya ji ba ya gani, ta yaya zai san sun iya? Isaka ya ce wannan ba aikinsa ba ne, aikinsa ya faɗa. Aka koyi zama a jere, aka koyi ɗaga kaye, wato littafin rubutu, sama har akwati ya ce a sauke, aka koyi abin da ake yi in murya ta ɗauke, wato a zauna kada a motsa har ta dawo. Wannan darasin na ƙarshe Isaka ya fi so, yakan shiga bayan zana ya yi tsit ya bar ƙarti suna kallon akwati har inuwa ta kauce. In tsofaffi suka tsaya suna dariya sai ya ce musu ba a fafe gora ranar tafiya. Gaskiya ne, amma shi nasa goran ya yi ta fafewa ne ba ranar tafiyar.

Ana cikin haka lokacin cin rani ya yi. A ƙasar, in kaka ba ta yi kyau ba, magidanci yakan liƙe rumbunsa da laka, samari su ɗauki sanda su yi kudu su ci abincin wani gari, don ɗan abin da ke gida ya kai lokacin noma. Ba yawo ba ne, dabarar tsira ce, kuma rufe iyaka bai hana ta ba, don jandarma na kan hanya, su kuwa ta daji suke bi. Kullum safiya Isaka ya fito sai ya ga tabarma ta ƙara faɗi. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya ce duk wanda ya tafi ya yi bankwana da ilimi. Suka ce to, ilimin ya jira su. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya riƙa jin ƙarar mota a kunnensa ko da kuwa jaki ne ya wuce.

Nan ne dabara ta faɗo masa, dabarar da ta fi ƙarfin kansa. Ya ce wa Lauratu daga yau ta riƙa dama fura babbar ƙwarya, duk ɗalibin da ya zauna har azahar ya sha. Ta dube shi ta ce, «Malam, da wane hatsi?» Ya ce da nasa, ai shi ke hawa rumbu.

Wai! Ka ga ƙishin ilimi a Gangara? Washegari rumfa ta cika har rana na dukan na gefe. Waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Iyayen da jiya suke cewa Isaka ya samu taɓin hankali, yau su ke korar ƴaƴansu da sassafe su je kada a fara babu su. Ba wanda ya kai Baba Barmo himma. Ya liƙe rumbunsa tsaf, ya sa Chindo gaba, har ya zo da kansa ya tsaya bakin rumfa yana gyaɗa kai yana cewa ilimi hasken rayuwa ne. Lissafinsa a fili yake: ƙato ba ya ci daga rumbun gida, kuma bai yi nisa ba, duk ranar da ruwa ya sauka ga shi a hannu. Isaka kaɗai ne a garin bai ga wannan ba, shi a ganinsa kwarjininsa ne ya fara aiki.

Ƙarti masu yunwa ba sa shan fura da wasa. Babban rumbu, wanda da an bi shi a hankali zai kai mutum biyu damina, ya yi ƙasa kafin zafi ya yi tsanani. Isaka ya sayar da akuyar gidan ya auno dawa, ita ma ta bi. Jar dawar taimako da akan kawo a kamiyo, babbar motar kaya, jefi-jefi ba ta isa ko gida ba balle makaranta. Mushe Harouna shiru. Wata safiya Isaka ya hau babban rumbu ya tarar da ƙaiƙayi da kashin ɓera, ya sauko, ya tsaya yana kallon ƙaramin. Ya gaya wa kansa dami ɗaya ne, na yau kawai, wataƙila ma gobe motar ta zo. Ya jingina tsani ya hau.

Lauratu na ganin damin ta ja da baya. Kawunan sun fi tsawon hannunta, ido cike, ɗaurin ma na marigayi ne ya koya wa gidan. Ta ce, «Malam, wanga iri ne.»

«Na sani.»

«Irin Baba ne. In muka ci mi za mu shuka?»

Ya yi mata irin murmushin da ya koyo a Maraɗi. Ya ce ita ba ta san yadda furoje ke aiki ba. Waɗannan mutane ne masu tsari, in suka zo da darasi za su zo da irin zamani a buhu, mai nuna da wuri, wanda ya fi wannan na tsofaffi. Ba wanda ya taɓa gaya masa haka, shi ya ƙaga, amma yana gama faɗa ya ji ya yarda. Ya ƙara da cewa ai da saura da yawa a ciki.

Ta sussuka tana hawaye, ta daka, ta dama. Ɗalibai suka ce furar yau ta fi ta kullum gardi, Allah ya saka wa Mushe da alheri. Daga ranar kalmar nan ta zama abincin Lauratu: duk damin da ya miƙo sai ta tambaya, shi kuma ya ce da saura. Tsanin na nan jingine, sau da yawa tana wucewa ta gabansa in ya shiga bayan zanarsa, ta tsaya, ta dube shi, ta wuce. An rene ta da kyau, abin da ya cuce ta ke nan.

Magana ba ta ɓuya a gari, mata sun ga tsawon sosiyar da ake zubarwa bayan gidan. Baba Barmo ya kira Isaka gefe bayan sallar la'asar ya ce, «Ɗana, na ji wata magana, ina fata ƙarya ce. Ko mahaukaci ba ya cin iri.» Isaka ya ce Baba ya kwantar da hankalinsa, komai na cikin tsari. Barmo ya ce to, shi dai ya faɗa, ya fita haƙƙin zumunta. Ya kakkaɓe rigarsa ya tafi, kuma washegari Chindo ne farkon zuwa rumfa. Ya fita haƙƙi da baki, cikin ɗansa kuwa bai fita daga ƙwaryar ba.

Sai da bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa gabas da yamma-yamma yana watsewa, sannan farar mota ta shigo Gangara. Isaka ya kusa faɗuwa wajen sa takalmi. Mushe Harouna ya sauko, tumbin ya ƙaru, ya tsaya bakin rumfa yana fifita da hula. Isaka ya shige bayan zana ya kara gwangwani. Ya ce bonjur, ƙarti suka amsa da kalma guda kamar bakinsu ɗaya. Ya ce a ɗaga kaye, aka ɗaga. Ya yi tsit, suka yi tsit, ko ƙuda ba wanda ya kora. Mushe Harouna ya tafa, ya ce tun daga Cadawa har nan bai ga wurin da aka shirya ɗalibai kamar Gangara ba, zai faɗa a buro, wato ofishinsu. Isaka ya ji kamar an ɗora masa rawani.

Ya raka shi mota yana murza hannu, ya tambaya yaushe za a sa pil. Mushe Harouna ya ce a'a, da sauran lokaci. Malaman da za su yi magana a radiyo su ma yanzu ake shirya su, kuma an sake tsarin, don haka bayan damina za a kira sabon sitaj a koya wa masu riƙo sabon shiri. Maganar albashi tana gaba, kada ya damu. Isaka ya rage murya ya ce, to batun iri fa, ko furoje zai taimaka da ɗan buhu? Mushe Harouna ya zare tabarau ya dube shi da mamaki na gaskiya. Ya ce, «Iri kuma? Mu ilimi muke yi, Isaka. Iri ba buronmu ba ne.» Aka kawo masa fura, ya sha ya yaba, ya shiga mota.

Ko a nan da mai hankali ne da ya tsaya, don a ranar akwai sauran dami a gindin rumbu, wanda in an yi tsimi zai rufe rabin gona. Amma an yabe shi gaban jama'a. Ya ce a ransa in ya sallami ɗalibai yanzu, labari ya kai buro cewa wurin da ya fi kowane ya watse, ina zai sa fuskarsa? Ya ce bari a ƙara ƴan kwanaki, ya samu hanyar sallamarsu cikin mutunci. Mutuncin nan shi ya cinye sauran.

Ruwa ya sauka ran wata Talata da la'asar, ruwa na gaske, wanda ya cika tafki ya jiƙa ƙasa har zira'i. Gari ya ruɗe da murna, mata na guɗa, tsofaffi na kuka suna hamdala. Kafin rana ta faɗi an fasa lakar rumbuna, kowane gida ana sussukar iri. Da safe ko ɗalibi ɗaya bai leƙo rumfa ba, ba wanda ya yi sallama, akwati na nan kan turminsa.

Lauratu ta wanke ƙwaryar shuka ta zo ta tsaya gindin ƙaramin rumbu. Ta ce, «Malam, a miƙo sauran.»

Ya hau tsani, ya ɗaga hula, ya zura kai kamar mai neman wani abu, alhali ya fi kowa sanin abin da ke ciki. Ya daɗe a haka. Da ya sauko hannunsa babu komai, bai kuma iya kallonta ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta ce, «To. Tahi wurin Baba Barmo ka roƙa, tun bai zuba nasa duka a ƙasa ba.»

Roƙo! Mushe guda, wanda aka tafa wa, ya je ya durƙusa gaban mutumin da ya ce masa ko mahaukaci ba ya cin iri? Isaka ya ji gara a yanka shi. Ya ce ba yau ba, yau idon gari duk a buɗe yake, in aka ga gonarsu ba kowa za a gane. Su fita kamar kowa, shi ya yi gaba da sungumi yana sara, ita ta biyo da ƙwarya rufe da faifai tana rufe ramuka. In an kwana biyu hankali ya kwanta, zai nemo iri a ɓoye su sake bi, in aka tambaya a ce ɓera ya tone na farko.

Lauratu ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, «In shuka babu?»

«Na yau kawai.»

Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar.

Haka suka fita. Duk inda ka duba mutane ne a gonaki, maza a gaba, mata da yara a baya, ƙasa na ƙamshi. Isaka ya kama sara, kuma a faɗi gaskiya bai taɓa yin layi mai kyau irin na ranar ba, a miƙe sambal, tazara daidai. Lauratu na biye, ta sa hannu ƙarƙashin faifai, ta fito da shi a dunƙule, ta buɗe yatsu a kan rami, ta rufe da diddige. Masu wucewa suna cewa sannunku da aiki, Isaka na amsawa da ƙarfi, har yana yi musu fatan Allah ya ba da damina mai albarka. Ita kuwa idonta na kan ramuka. Rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa mata zane, ga yunwa, don ko karin kumallo babu a gidan, ta ci gaba da sunkuyawa tana binne iska a gonar surukinta.

Wajen azahar, sun ci kusan rabin gona, Isaka ya ji hayaniya a bayansa. Ya waiga. Chindo ne tafe da sauran ɗaliban, ƙafafu duk laka, wasu da sungumi a kafaɗa, wasu da ƴan ƙore a hannu, suna dariya. Sun gama na iyayensu da wuri, da ma ga su da ƙarfi, ba su rame ba kamar waɗanda suka je cin rani. Kuma ba da mugunta suka zo ba, wannan ne abin takaicin, zuciya ɗaya suka zo.

Chindo ya ce, «Mushe, mun ce ba za mu bar ka kai kaɗai ba, bayan duk hurar da muka sha. Kafin la'asar mun gama maka ita.» Ya juya wajen Lauratu ya miƙa ƙoƙonsa da hannu biyu. «Matar yaya, zuba mana iri mu kama ta can gefen.»

Sauran ma suka matso, kowa ya miƙo nasa.

Isaka ya buɗe baki. Mutumin da ya yi rani guda yana magana a madadin wani, yau ya nemi kalma ɗaya tasa ya rasa. Lauratu ta miƙe a hankali tana dafe da ƙugu, ta dube shi, ta ba shi lokaci ko zai ce wani abu. Ta ɗauke faifan, ta kifa ƙwaryar a gaban Chindo, ta girgiza ta don kowa ya gani da kyau.

Ta ce, «Yana cikinku.»

Ta aje ƙwaryar a kan ramin da ba ta kai ga rufewa ba, ta gyara ɗaurin zanenta, ta bi ta tsakaninsu ta kama hanyar gari.